Tambayoyi da Amsoshi: Aika Kiristal ɗin Furotin daga Saudiyya zuwa Sinkirotoron, da Yadda Robot Ke Karɓarsa

Wannan shafi na ɗalibai ne da masu bincike 'yan'uwanmu da ke ɗakunan gwaji a Thuwal, Jidda, Riyad da Zahran, waɗanda Allah ya ba su nasarar fitar da kiristal daga furotin, aka kuma ce su shirya shi a aika Turai. Yawancin tambayoyin daga masu aikawa karon farko suka fito. Abin da muke so kowa ya riƙe tun farko shi ne, a can babu hannun mutum da zai gyara abin da aka ɓata a nan. Robot ne zai ɗauki samfurinka, kuma yadda ka shirya shi haka zai ɗora shi.

Me ya sa sai an kai kiristal har Faransa ko Ingila?

Domin babu sinkirotoron a Saudiyya, babu kuma a duk nahiyar Afirka. Mafi kusa da mu shi ne SESAME da ke Allan a ƙasar Jodan, wanda aka buɗe a 2017, amma layukan haskensa na farko, wato tashoshin da ake haska samfur a cikinsu, na wasu fannonin bincike ne daban. Masu aikin furotin sun fi dogara da ESRF a Girenobul da SOLEIL kusa da Faris, da Diamond a Ingila, da PETRA III a Hambug ta Jamus, da SLS a Suwizalan.

Sinkirotoron zobe ne da ƙwayoyin lantarki ke zagayawa a ciki da gudu dab da na haske. Duk inda aka karkatar da su sai su fitar da hasken eksre mai tsananin ƙarfi. Kewayen zoben ESRF mita 844 ne, na Diamond kuwa wajen 562. Injin eksre na ɗakin gwaji yana yi wa babban kiristal aiki, sai dai cikin sa'o'i. Kiristal mai faɗin maikiron 20 ko 30 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) ba ya ba shi amsar kirki, alhali a layin sinkirotoron ana juya shi digiri 360 a gama ɗaukar hotunansa kafin minti ɗaya ya cika.

Takamaimai wane aiki robot ɗin yake yi?

A cikin ɗakin da hasken ke faɗowa akwai babban tulu cike da ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. A cikinsa ma'aikata ke jera faya-fayan da ke ɗauke da samfura. Hannun robot yana da awartaki a bakinsa. Zai fara tsoma awartakin ya yi sanyi, ya sauka kan fil ɗin da aka umarce shi, wato siririyar sandar da ke riƙe da kiristal a ɗan zoben nailan da ke bakinta, ya rufe shi ruf ta yadda iska ba za ta taɓa kiristal ba, ya nuna gindin fil ɗin ga na'urar karanta lamba, sannan ya manna shi a kan maganaɗisun majuyi, wato sandar da ke juya samfur a gaban haske. Nan take iskar naitirojin mai sanyin kelbin 100, wato digiri 173 ƙasa da sifiri, ta karɓe shi. A sababbin layuka awartakin baki biyu gare shi: ɗaya ya cire tsohon fil, ɗaya ya ɗora sabo, duka a tafiya guda, cikin 'yan daƙiƙu kaɗan ƙasa da minti.

Kafin wannan, mutum ne ke buɗe ƙofar dalma, ya shiga ya ɗora da hannu, ya fito, ya duba ɗakin ya kulle, kana a saki haske. Kowane samfur sai ya ci mintuna a wannan shiga da fita kaɗai. Tun farkon shekarun 2000 aka fara maye gurbin hakan da robot: SAM a Sitanfod ta Amurka da akwatinsa mai ɗaukar 96, CATS da aka ƙera a Girenobul, sai ACTOR na kamfanin Rigaku. BART na Diamond tulunsa yana ɗaukar faifai 37, wato samfur 592 a zama ɗaya.

Muna da tsofaffin fil a durowa. Za su yi?

Kada ka zata, auna su. Layukan Turai suna bin ma'aunin SPINE: daga ƙasan gindin ƙarfe zuwa inda kiristal yake milimita 22 ne, kuma a kasuwa ana sayar da su da sunan fil mai milimita 18. Wanda ya fi haka tsawo zai daki rufin awartaki, zoben ya murƙushe. Gajere kuma zai sauka a wajen tsakiyar iskar sanyi, kyamara ma ta kasa ganinsa. Gindin dole ya zama irin wanda maganaɗisu ke kamawa, ba tsatsa, ba lotsawa, lambar ɗigo-ɗigon da ke ƙasansa tana karantuwa.

Abin da ya fi yawan cutar da mutane shi ne fil ɗin da aka haɗa da hannu. Idan gam ya taru a inda sanda ta shiga gindi, awartaki ba zai rufe daidai ba. Idan kuma gam ɗin ya yi kaɗan, sanyi zai sa ya saki, sandar ta riƙa rawa, ɗigon da haske ke zanawa a hotunan eksre su fito biyu-biyu. Ka ɗora kowane fil a kan sandar maganaɗisu ka juya shi a gaban idonka. In bakinsa na zana da'ira maimakon ya tsaya wuri guda, ya lanƙwashe, ka ajiye shi gefe. Fil ɗaya da ya maƙale a awartaki na iya tsayar da layi har sai ma'aikaci ya zo, kuma lokacin da ya tafi naka ne da na wanda ke bayanka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yaya ake daskarar da kiristal ba tare da ƙanƙara ta lalata shi ba?

Nan ne rabin aikin yake. Kiristal ɗin furotin kusan rabinsa ruwa ne. Idan ruwan nan ya daskare sannu a hankali zai zama ƙanƙara mai tsari, ta kumbura ta farfasa jerin furotin. Abin da ake nema shi ne ya sandare garai-garai, kafin ƙwayoyinsa su samu damar jeruwa. Abu biyu ke kawo hakan: maganin hana ƙanƙara da saurin sanyaya.

Maganin da aka fi amfani da shi giliserol ne, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, ko etilin gilaikol, ko PEG 400. Ana haɗa shi ne a cikin irin ruwan da kiristal ya girma a ciki, ba tare da an rage ƙarfin gishirin ko sinadarin da ya fitar da shi ba. In ka tsarma ruwan, kiristal zai fara narkewa kana kallo. Kafin ka taɓa kiristal ko ɗaya, ɗebi ruwan maganin zalla a zoben nailan ka tsoma a naitirojin. In ɗigon ya fito garau, ya isa. In ya yi fari kamar madara, ƙara kashi 5 ka sake gwadawa. Kiristal mai saurin tsagewa ba a jefa shi cikin kashi 25 kai tsaye; a bi da shi ta 10, sannan 20, sannan 25, daƙiƙu kaɗan a kowane ɗigo.

Zoben ya dace da girman kiristal. Babban zobe yana kwaso ruwa mai yawa, ruwa mai yawa kuma yana jinkirin yin sanyi, yana ƙara hazo a bayan hoto, yana kuma ɓoye ƙaramin kiristal daga kyamara.

Sai abin da mutane ke rainawa: a saman ruwan naitirojin akwai iska mai sanyi da ke kwance, kaurinta kan kai santimita ɗaya ko biyu in kwanon bai cika ba. Ƙaramin kiristal yana iya daskarewa a cikin wannan iska, a hankali, tun bai taɓa ruwan ba. Saboda haka cika kwanon kumfa har baki, kuma tsomawar ta zama a motsi ɗaya mai sauri, ba tsayawa a hanya. Daga ɗigo zuwa naitirojin kada ya wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu, domin ɗakunanmu masu na'urar sanyaya iska suna busar da ƙaramin ɗigo nan da nan.

Na Jidda da Thuwal da Zahran suna da ƙarin matsala, wato laimar teku. Buɗaɗɗen naitirojin yana jan ruwan da ke cikin iska, ya mai da shi farin gari mai yawo a kwano, garin ya manne a zobe. Da zarar ka ga ruwan ya fara gurɓacewa, zubar ka ɗebo sabo. Rufe kwanon duk lokacin da hannunka ba ya ciki. Duk ƙarfen da ya fito daga sanyi, kada ya koma sai an busar da shi ƙaƙas da na'urar busar da gashi.

Yaya ake jera su a faifai?

Faifan da aka fi karɓa yanzu Unipuck ne, mai gurbi 16: biyar a da'irar ciki, goma sha ɗaya a ta waje. Tsohon faifan SPINE goma yake ɗauka, kowane fil cikin 'yar kwalbarsa. Duba shafin layin da aka ba ku ka ga wanda suke karɓa kafin ka fara.

Nutsar da jikin faifan a naitirojin har ya daina tafasa. Kowane fil yana shiga ne zobe ƙasa, gindi sama. Idan an gama, sanyaya murfin mai maganaɗisu da sandar dannawa, ka danna har ka ji ya kama. Daga lokacin da kiristal ya shiga ruwan, ba zai sake fitowa iska ba. Idan zafinsa ya haura kusan kelbin 140, ruwan da ya sandare zai fara komawa ƙanƙara, kuma mayar da shi cikin sanyi ba ya warware wannan.

Mutum biyu ake so: ɗaya na kamu, ɗaya na rubutu. A can ana kifa faifan ne, don haka lambobin da kake gani daga sama sukan rikita ido. Nemi gurbi na 1 ka tabbatar da inda na 2 yake kafin fil na farko ya shiga. Sandar jigila, wadda ake jera faya-fayan a kanta a saka cikin tulun jigila, tana ɗaukar faifai 7, samfur 112 ke nan, kuma kada a manta da ƙarfen da ke kulle su a kan sandar.

Zafin bazara a filin jirgi ba zai narkar da komai ba?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma ba nan haɗarin yake ba. Tsakanin cikin tulun jigila da ɗaki mai digiri 20 akwai tazarar digiri 216. A rana mai digiri 45 tazarar 241 ce. Ƙarin kaɗan ne, lafiyayyen tulu zai jure.

Tulun jigila, irin su CX100, bango biyu gare shi da aka zuƙe iskar tsakaninsu, a ciki kuma akwai wani farin abu mai shan naitirojin kamar soso, kusan lita huɗu. Sabo yana riƙe sanyi sama da mako biyu idan yana tsaye. Abubuwan da ke kashe shi daban ne. Na farko kwanciya: tulun da aka kwantar a gefensa cikin mota ko rumbun kaya iskar sanyinsa tana malalewa, kwanakinsa su ragu ƙwarai. Na biyu laima: in ruwa ya shiga abin shan nan ya daskare, ya toshe kafofinsa, tulu zai yi kamar ya cika alhali rabi ya sha. Na uku yoyon bango, wanda alamarsa gumi ne ko raɓa a jikin tulun na waje. Na huɗu jinkiri a hanya.

Cika shi ba aikin safiyar tafiya ba ne. Auna nauyinsa yana fanko. Zuba naitirojin a hankali har wuya, bar shi ya lafa, ƙara, ka yi ta ƙarawa har ruwan ya daina raguwa, sannan ya kwana a haka. Washegari juye ragowar ka sake aunawa. Litar naitirojin giram 800 ce da 'yan kai, don haka ƙarin nauyin ya kamata ya kai wajen kilo uku. Tulun da ya daɗe ba a yi aiki da shi ba, a gwada shi mako guda kafin a amince masa: a auna kullum, lafiyayye ba ya rasa fiye da giram 200 a yini. Muna kuma ba da shawarar saka ƙaramar na'ura mai rubuta zafi a wuyansa. Ita ce kaɗai za ta gaya maka ko a hanya aka yi ɓarna ko a teburinka.

Wace rana ya kamata a aika, kuma da waɗanne takardu?

Hutun mako a nan Juma'a ne da Asabar, a Turai Asabar da Lahadi. Wanda ya ba da tulu ranar Alhamis ya jefa shi cikin kwana uku da ba wanda zai sa hannu a takardarsa. Lahadi ko Litinin ta fi, kuma ya isa can kwana uku ko huɗu kafin ranar aikinku. Lokacin aikin Hajji da hutun Sallah ƙarama da babba a ƙara kwanaki, musamman ga kayan da ke fita ta Jidda.

Ruwan naitirojin a sake kaya ne mai haɗari a dokar jiragen sama. Tulun da aka tsiyaye ruwansa tas ya fita daga wannan rukuni a ƙarƙashin tanadin A152 na IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, kuma sai an rubuta hakan a takardar jigila. A kifa tulun a tabbatar ba ya ɗiga. A haɗa da wasiƙar jami'a mai bayanin cewa samfurin bincike ne mara cutarwa, ba na sayarwa ba, da gargaɗin kada a kwantar, kada a bar shi a buɗe. Can kuma ba a ɗora samfur sai sashen kula da lafiyar aiki ya amince da takardar da ta faɗi halittar da furotin ya fito daga gare ta da duk wani ƙarfe mai guba da aka jiƙa shi da shi. Ana shigar da sunayen samfura da gurabensu a ISPyB, shafin rajistar samfura na sinkirotoron, a buga alamar tulu daga can a manna.

Idan ba kowa a wurin, ta yaya na'ura ke gano inda kiristal yake?

Da ido take farawa, ta ƙare da haske. Kyamara tana gano bakin zoben, a juya shi har faɗinsa ya fuskanci haske. Sai a raba faɗin gida-gida, a haska kowane gida da raunannen haske, kwamfuta ta ƙirga ɗigon da ya fito. Gidan da ya fi ba da ɗigo masu kyau nan kiristal yake. A juya digiri 90 a sake bin layi ɗaya don samun zurfinsa. Daga nan a ɗauki hotuna kaɗan, manhaja ta fitar da girman ɗakin kiristal, wato ɗan tubalin da ke maimaituwa a cikinsa, da ƙarfin hasken da zai iya ɗauka, ta tsara sauran. Layin MASSIF-1 na ESRF tun 2014 yake aiki a haka ba mai bincike a gabansa, Diamond ma tana da irin wannan tsari.

Lissafin ƙarfin haske ba wasa ba ne, domin hasken da ke nuna furotin shi ke ƙona shi. A kelbin 100 iyakar da aka saba ambata megagire 30 ce (ma'aunin yawan hasken da samfur ya sha), amma mahaɗan salfa da wuraren da ƙarfe ke zaune suna lalacewa tun kafin a kai can.

Manhajar tana aiki ne da abin da ka rubuta mata. In ka san rukunin tsarin kiristal ɗinka da kaifin hoton da ya saba bayarwa, rubuta. In selenium ne a ciki kana son siginarsa, faɗa, a kai tsawon zangon hasken kusa da angistirom 0.979 (angistirom kashi ɗaya ne cikin miliyan goma na milimita). Gurbin da ka bari fanko za ta cike da nata zato.

To wanne ya fi: mu sarrafa daga nan, ko mu bar wa na'ura?

Ga kiristal da aka riga aka sani, mai fitowa iri ɗaya, musamman in ana gwada shi da magunguna da dama, bar wa na'ura. Ba ta gajiya da ƙarfe uku na dare, kuma binciken gida-gida yakan samo wuri mai kyau da ido zai tsallake. Ga sirara masu kama da allura, ko waɗanda suka manne da juna, ko zobe mai ƙanana da yawa, gara mutum ya zauna ta MXCuBE ko NoMachine, manhajojin sarrafa layi daga nesa, ya zaɓi inda za a haska.

Mai sarrafawa daga nan ya lissafa agogo: muna gaban Faransa da awa 2 a hunturu, awa 1 a bazara, Ingila kuwa awa 3 da awa 2. A yi aiki da intanet na waya a bango, ba na iska ba, a gwada shiga kwana ɗaya kafin ranar, a kuma raba zaman tsakanin mutum biyu saboda sallah da barci.

Hotunanmu sun fito da zobba. Daga ina ƙanƙarar ta zo?

Duba inda zobban suke. Na ƙanƙara suna bayyana a angistirom 3.9, 3.67 da 3.44, sai 2.25 da 1.92. In 'yan ɗigo ne masu kaifi a warwatse, ga kuma farin gari a jikin zobe a kyamara, daga waje ta manne. Wasu layukan suna iya wanke ta da feshin naitirojin, kiristal kuma lafiyarsa lau. In zobba ne cikakku masu santsi a samfur ɗaya ko biyu, maganin hana ƙanƙara ne bai isa ba ko tsomawar ta yi nawa. In faifai guda ne duk ya lalace, an ɗaga shi sama da ruwa wajen lodi. In faya-fayan saman sanda ne suka lalace na ƙasa suka tsira, tulu ne ya fara ɗumi, domin daga wuya yake farawa.

Akwai dabarar tare iskar sanyi na daƙiƙa biyu ko uku a sake ta, kiristal ya narke ya sake sandarewa. Takan gyara, takan kuma ƙarasa shi. A ɗauki bayanai tukuna, sannan a gwada.

Saboda irin wannan bincike ne muke son kowane tulu ya tafi da kiristal ɗin laisozaim na ƙwan kaza guda biyu, ɗaya a faifan sama ɗaya a na ƙasa. Shi ba ya ba da wahala. In shi ma ya fito da zobba, laifin ba na furotin ɗinka ba ne.

Robot zai iya kamo kiristal daga farantin da ake rainonsa a ciki ma?

A wasu wurare. Tsarin CrystalDirect na EMBL, cibiyar binciken ƙwayoyin halitta ta Turai, a Girenobul yana rainon kiristal a kan siririyar leda, leza ta yanko wurin, a manna shi a fil a daskarar. Layin VMXi na Diamond kuma farantin gaba ɗaya yake haskawa ba tare da an ciro komai ba. Sai dai duka biyun suna bukatar farantin ya kasance a can, kuma faranti mai ɗanyen ɗigo ba ya son jijjigar jirgi. Daga nan, furotin ɗin kansa ake aikawa a daskare su shuka a can. Ga yawancinmu kamu da hannu a ƙarƙashin madubi shi ne hanya har yanzu.

Wane hattara ake yi da naitirojin?

Lita ɗaya tana zama iska wajen lita 700, ba wari ba launi, ta kore iskar shaƙa. Ɗakunanmu a rufe suke ruf saboda sanyi, don haka a yi aikin inda iska ke fita, da na'urar gargaɗi mai ƙara idan oksijin ya sauka ƙasa da kashi 19.5. Ba a shiga lif tare da tulu. A sa gilashin kare ido da rufaffen takalmi; silifa da safa sun fi ƙafa tsirara haɗari, domin safa tana riƙe ruwan a jikin fata. Mai dogon hannun riga ko mayafi ta tattare shi kafin ta sunkuya kan kwano.

Tulu ya dawo. Sai me?

In akwai samfurin da kake son ajiyewa, zuba naitirojin a tulun tun kafin ka ɗaga sanda, ka mayar da faya-fayan babban tulun ajiya. Sauran fil a bar su su huce, a wanke zobba da ruwa mai tsabta da ɗan sabulun ɗakin gwaji, a ɗauraye da etanol, a duba kowanne a madubi. Ragowar tsohon kiristal a zobe yakan ba da ɗigon da zai ruɗe ka a tafiya ta gaba. Faifai da sanda su bushe sarai kafin a haɗa su.

Tulun kuma a cire murfinsa, a kifa shi a kan abin da zai bar iska ta shiga ta ƙasa, a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ba a baranda ba inda laima za ta koma ciki. Yakan ɗauki kwanaki. Ana gane ya bushe ne idan nauyinsa ya koma daidai da wanda aka rubuta yana fanko, don haka a rubuta wannan lamba a jikin akwatinsa da alƙalamin da ba ya gogewa.